Shekara 11 ina kai albasa Kurmi, sai bana na shiga kurmin

Nasiru Mai Albasa: Assalamu alaikum. Na iso Aliero jiya bayan isha'i, lafiya lau. Waɗanda suka yi ta kira ba su same ni ba ku yi haƙuri, inda na shiga babu sabis ko ɗigo. Mun sauke kaya a Ikom, motar da za ta dawo da mu ta samu matsalar giya, makanike ya ce sai kwana huɗu kafin kayan gyara su iso. Wani abokin cinikina mutumin Boki ya ce maimakon zaman kashe wando a tasha in bi shi garinsu, daga can ana hango Dutsen Afi. Jama'a, shekara 11 kullum bakina "na tafi Kurmi, na dawo Kurmi", ashe kwalta kawai na sani. Namun dajinsu kuwa ban taɓa ganinsu ba sai a mace, an rataye a bakin hanya ana ciniki. Bana dai na shiga da ƙafata. Wa ya taɓa shiga a cikinmu? Ina da tambayoyi.

Bashar: Tambaya ta farko tawa ce, taubashi. Ka ga goggon birin nan da aka ce ya haɗiye kuɗi a Kano? Ko can ya gudu da su?

Nasiru Mai Albasa: Ban ga goggo ba. Gadonsa na gani.

Bashar: La'ilaha illallahu. Wato ka hau dutse wuni guda, ka biya ɗan jagora, ka dawo mana da labarin shimfiɗa. Da ka faɗa mani da na kai ka ɗakina ka gani kyauta.

Nasiru Mai Albasa: Yi dariyarka. Mun tashi da asuba, ni da abokina da wani ma'aikacin gandun dajin Afi da ya ce da can maharbi ne. Da shigarmu na fara neman rana na rasa. Ƙarfe sha ɗaya na safe amma kamar bayan magariba, itatuwa sun haɗe sama sun rufe. Akwai icen da saiwarsa ta fito waje ta miƙe kamar bangon ɗaki, na tsaya a tsakanin biyu ban ga abokan tafiyata ba. Babu iska, rigata sharkaf, ƙasa kuma santsi. Ana ta kuka ta ko'ina, tsuntsaye da ƙwari da abin da ban sani ba, amma in ka ɗaga kai ganye kawai kake gani yana motsi. Wajen azahar mutumin ya tsaya ya nuna mana wani wuri da aka lanƙwasa rassa aka tattake su suka yi kamar babban faifai, da kashi a gefe, da wasu gashi baƙaƙe maƙale. Ya durƙusa ya fasa kashin da tsinke yana duba 'ya'yan itacen da ke ciki, ya ce bai fi kwana biyu ba. Wallahi Bashar a lokacin tsigar jikina ta tashi. Ka san mai gadon yana kusa, wataƙila ma yana kallonka.

Kawu Dikko: Barka da dawowa Nasiru, Allah shi yi albarka. Mu da munka yi sayen goro Shagamu shekara da shekaru, ko sau guda ba mu bar hanya ba. Kakanninmu da sunka riƙa zuwa Gwanja da jakkai, su ma bakin kurmi suka tsayawa, don tsando na kashe dabba. Abin da munka sani ga kurmi shi ne kwarkwasa. Wani dare Shagamu sunka shigo muna masauki, layi guda baƙi ƙirin awa igiya, kowa ya fita da zane ga hannu. Mai masauki ya ce a bar su, su za su share ɗakin. Da safe kuwa babu kyankyaso ko guda.

Malama Hadiza: Sannu da hanya Malam Nasiru. Ni na yi bautar ƙasa a Akamkpa, inda hedikwatar gandun dajin ƙasa na Kuros Riba take, wanda aka kafa a 1991. Bashar, kada ka raina gadon nan. Goggon birin wannan yanki irinsa daban ne, babu shi ko'ina a duniya sai tsaunukan iyakar Najeriya da Kamaru, kuma abin da ya rage bai wuce 300 ba. Kowace yamma kowane babba yana yin sabuwar shimfiɗa, ba ya komawa ta jiya, shi ya sa masu bincike da shimfiɗar suke ƙidaya su. Akwai ma'aikatan da suka yi shekaru a dajin ba su haɗa ido da shi ba. An daɗe ana harbinsu, sun koyi gudun mutum. A 2020 da na'urar ɗaukar hoto da aka ɗaure a jikin itace a tsaunukan Mbe ta kama garke guda da jarirai a bayan uwaye, har kafafen labaran duniya sai da suka ɗauka. To wanda ya ga gado mai kwana biyu ya yi sa'a.

Bashar: Malama kin ɗaure masa gindi, yanzu sai ya shekara yana ba mu labarin kashi.

Nasiru Mai Albasa: Ai na ga masu rai ma. A gindin dutsen akwai wurin da ake kiwon wasu birai da aka ƙwato daga hannun mutane, an kewaye musu daji guda da wayar lantarki. Malama, sunan da suka faɗa kamar diril. Namijin ƙato ne, fuska baƙa wul tana sheƙi kamar an shafa mata mai, farin gashi ya zagaye ta, leɓen ƙasa ja. Wutsiya 'yar guntuwa. Da ya juya baya kuma, Kawu ka gafarce ni, mazaunansa shuɗi da ja da ruwan hoda kamar an yi rini. Ya zauna ya kalle ni ido cikin ido yana ɓare ayaba, irin kallon da mai gida ke yi wa baƙon da bai yi sallama ba.

Malama Hadiza: Shi ne, diril. Ɗan'uwan bika ne na nesa, amma na kurmi. Shi ma wuri uku kawai yake: Kuros Riba, kudu maso yammacin Kamaru, da tsibirin Bioko. Yawancin na wurin nan marayu ne ko 'ya'yan marayu, an harbe uwar don nama an ɗauko ɗan ana sayarwa. Launin bayan nan kuwa, namijin da ya fi ƙarfi a garke shi ya fi kowa haske.

Nasiru Mai Albasa: To ga babbar tambayata. Daren da muka kwana can, wajen ƙarfe ɗaya, wani abu ya fara ƙara daga saman itace. Yana farawa a hankali, yana ƙaruwa, yana ƙaruwa, har ya koma kururuwa kamar ana yanka mutum, sai ya yi shiru, sai wani ya amsa daga nesa. Na karanta duk abin da na haddace. Abokina ko juyawa bai yi ba. Da safe ya ce wai wata 'yar dabba ce da ba ta fi zomo ba. Na ɗauka yana kwantar mani da hankali ne.

Malama Hadiza: Gaskiya ya faɗa maka. Agwada ce, irin ta bisa itace. 'Yan Zuru sun san 'yar'uwarta ta kan duwatsu. Da dare take yawo, kukan kuma shelar iyaka ce, tana gaya wa sauran nan wurina ne. Abin da ɗalibaina ba sa yarda da shi sai na nuna musu a littafi: a duk dabbobin ƙasa, babu dangin giwa na kusa kamar agwada. Na ukunsu yana cikin ruwa, Malam Garba ya san shi.

Garba Yawuri: Ayu kike nufi? Ikon Allah. To ni a nan zan goyi bayan Nasiru. An haife ni bakin Kwara, ubana masunci, kakana masunci, na haura arba'in. Ayu mai rai sau biyu na taɓa gani, shi ma hanci kawai, ya fito ya shaƙi iska ya nutse. Amma mun san yana nan, don muna ganin inda ya ci ciyawar bakin ruwa da dare. Baƙo in ya zo Yawuri ya ce a nuna masa ayu, dorina za mu nuna masa ya koma gida. Dabbar da ta san darajar ranta ba ta tsayawa a kalle ta.

Sanusi Gusau: Ina karanta ku tun ɗazu. Ku kuna maganar shiga daji don kallo. Mu nan in ka ji an ce an shiga daji da wane, salati ake yi, a fara haɗa kuɗi. Kakana maharbi ne a yankin Ɗansadau, yana ba mu labarin ɓauna da gwanki a dajin Kuyambana, har ƙahon gwanki akwai a zaurenmu. Yau ko gonarmu ba mu iya zuwa. 'Ya'yana ba su san barewa ba sai a waya. Ba ina hana ku hira ba ne, abin ne ya taɓa ni.

Kawu Dikko: Allah shi kawo muna ƙarshen wanga bala'i, Sanusi. Allah shi maida kowa gonarshi.

Nasiru Mai Albasa: Amin Kawu. Yaya Sanusi, wallahi na tuna da ku a can. Da muka yi nisa na tambayi mutumin ko babu matsala, bai ma gane abin da nake nufi ba, ya ɗauka maciji nake tsoro.

Malama Hadiza: Amin. Macijin ma abin tsoro ne. Akwai wata kasa ta kurmi, ta fi tamu kauri, zanen jikinta sak busasshen ganye, tana kwance a kan hanya ba ta motsi. Haƙorinta yana kai santimita 5, babu macijin da ya kai ta tsawon haƙori. Shi ya sa ba a shiga da silifa, kuma ba a wuce ɗan jagora.

Bashar: Taubashi da silifa ya shiga, na rantse.

Nasiru Mai Albasa: Takalmin roba suka ara mani, ɗaya ya fi ɗaya girma.

Alhaji Mudi: Ni fa ban gane ba. Mutane na fama da abin da za su ci, ana kewaye daji ana ciyar da biri ayaba. Talakan Boki in ya kama nama ya sayar ya biya kuɗin makarantar ɗansa, laifin me ya yi? Allah Ya hore mana dabbobi. Kuma dabbar daji ba ta ƙarewa, tun zamanin Annabi Nuhu ake farauta. Wannan duk tsarin Turawa ne, sun cinye nasu sun zo suna hana mu namu.

Kawu Dikko: Alhaji Mudi, ina ungulu? Kai da ni mun tashi mun iske mahautar Jega baƙi ƙirin da ungulu, sai an kore su da sanda. Yaushe rabonka da ganin guda? Ina kurar da ka kuka bayan gari muna yara? Ba Bature ya kwashe su ba.

Alhaji Mudi: Ungulu kam gaskiya ne Kawu, na daɗe ban gani ba. Amma maganar talaka tana nan.

Malama Hadiza: Tana nan Alhaji, ban musa ba. Wanda ya kama gafiya ko ɓeran rake ya ci da iyalinsa, wannan dabba ce mai haihuwa da yawa, za ta mayar. Amma dubi ɗankunya. Dabba ce marar haƙori, tururuwa da gara take lasa da dogon harshe, jikinta duk ɓawo kamar an jera faratai. In ta ji tsoro ba ta gudu ba ta cizo, sai ta dunƙule ta ɓoye fuska, shi ya sa Bahaushe ya ba ta wannan suna. Mafarauci ɗauka kawai yake yi ya jefa a buhu. Ɗa guda take haifa, ta goya shi a gindin wutsiya. Ba talaka ke cin ribarta ba. A watan Afrilun 2019 kaɗai, cikin mako guda, an kama sama da tan 25 na ɓawonta a Singafo, a kwantenonin da suka taso daga Najeriya za su Biyetnam. Ka ƙiyasta dabba nawa aka kashe kafin a tara tan guda na ɓawo. Ɓawon nan kuma abu ɗaya ne da farcen hannunka, babu wani magani a ciki. Tun 2016 aka haramta cinikinta tsakanin ƙasashe.

Nasiru Mai Albasa: Tunda an zo nan bari in faɗa. Bara wani mutum ya same ni a tasha, ya ce yana da buhu shida da yake so a sa a ƙarƙashin jarkokin manja zuwa Legas, zai biya ninki uku. Na ce mene ne a ciki, ya ce ɓawon kifi ne. Na sa hannu na taɓa, wannan ba kifi ba ne. Na ce masa motar ba tawa ba ce. Ba don na san ɗankunya ba, tsoron kwastan ne kawai ya hana ni. Sai a wannan tafiyar da aka nuna mani hotonta na gane abin da na taɓa.

Alhaji Mudi: To wannan kam ka tsallake rijiya da baya. Da yanzu muna haɗa kuɗin lauya.

Zainab 'yar Kawu: Malama don Allah, wani hoto na gani a Facebook, dabba mai jikin doki, ƙafafu da zane irin na jakin dawa. An ce a kurmi take. Haɗi ne na kwamfuta ko gaske?

Malama Hadiza: Gaske ce Zainab, okapi. Amma ba a Najeriya take ba, sai kurmin Kwango, wajen Ituri. Kuma ba dangin jakin dawa ba ce, 'yar'uwar raƙumin dawa ce, harshenta har ido take wankewa da shi. Mutanen dajin sun san ta tun fil azal, Turawa ba su tabbatar da ita ba sai 1901. Kowane kurmi da nasa. Dabbar nan mai rataye a reshe da ba ta saukowa sai sau ɗaya a mako don bayan gida, ta Amurka ta Kudu da ta Tsakiya ce, kada wani ya je Kalaba nemanta. Ƙaton kwaɗon da ke haura kilo 3 kuma na Kamaru da Ikwatoriyal Gini ne. Namu na Kuros Riba wani kwaɗo ne da namijinsa ke fitar da abu kamar gashi a cinya lokacin haihuwa, in ka kama shi kuma ƙashin yatsunsa na baya ya huda fata ya fito ya yage ka.

Garba Yawuri: Kilo uku? Masu busar da burduddugi na nan su ji, sai su yi hayar mota.

Bashar: Ni duk a cikin abin da aka lissafa babu wanda ya kai giwayen da suka shigo Bagudo da Koko a 2018. Su suka kawo kansu har gona, ba wanda ya hau dutse.

Malama Hadiza: Waɗancan giwayen fili ne. Ta kurmi ta fi ƙanƙanta, kunnenta zagaye, haurenta miƙe yana kallon ƙasa don kada ya sarƙe a kurangar daji. A 2021 aka ware ta a jerin dabbobin da ke gab da ƙarewa a matsayin iri mai zaman kansa. Akwai ragowarsu a Okomu ta jihar Edo da Kuros Riba. Su ma sawu da kashi za ka gani, Bashar, sai ka haƙura. Wanda yake son abin da ido zai ƙoshi, ya je Boje a nan Boki ɗin tsakanin Disamba da Fabrairu. Tsattsewa ce ke tahowa daga Turai gudun sanyi, da magariba su rufe sama kamar hadari, su zube cikin ciyawa su kwana. An sha kama masu zobe a ƙafa da aka sa musu a ƙasashen Turai. Lokacin ne ma ya fi daɗin shiga, don ruwan Kalaba yana kusan milimita 3,000 a shekara, namu na Birnin Kebbi bai cika kai 1,000 ba. Da damina hanyar ba ta biyuwa. A yi rigakafin shawara, a tafi da gidan sauro.

Hajiya Kulu: Salamu alaikum. Jikata ke rubuta mani. Ina jin ku tun farko, gabana na faɗuwa. Ni ina da aku, toka-toka mai jan wutsiya. Marigayi Alhaji ya kawo shi daga Kurmi shekara 19 ke nan. Yana sallama, yana kukan waya har in tashi in ɗauka. Yau shekara huɗu da rasuwar Alhaji, amma kullum da asuba sai ya yi gyaran murya irin tashi, sak, sannan ya ce "Kulu, ruwa." Yara sun ce in bayar da shi don yana sa ni kuka, na ƙiya. Malama, shi ma cikin waɗanda aka hana yake? In haƙƙinsa na kaina, in sake shi ya tafi.

Kawu Dikko: Allah shi jiƙan Alhaji, shi sa ya huta. Na san akun nan, ya taɓa zagina.

Malama Hadiza: Allah Ya jiƙansa da rahama, Inna. Eh, irinsa ne, taron da ya hana cinikin ɗankunya a 2016 shi ya hana nasa. Da danƙo ake kama su a reshe, ko a hau a kwashe 'ya'yan daga kogon itace, da yawa suna mutuwa a hanya kafin ɗaya ya iso gida irin naku. Amma kada ki sake shi. Tsuntsun da ya shekara 19 a keji bai san neman abinci ba, nan kuma ba ƙasarsa ba ce, shaho zai ɗauke shi ko yara su jefe shi kafin la'asar. Suna haura shekara 40, yana da sauran kwana a gaba in Allah Ya so. Abin da za ki yi masa shi ne keji mai faɗi, a riƙa fito da shi yana miƙe fiffike a ɗaki, a yayyafa masa ruwa lokacin hunturu don ɗan ƙasar laima ne. Me yake ci?

Hajiya Kulu: Gyaɗa da dawa. Wani lokaci tuwo in ya gani a hannuna.

Malama Hadiza: A rage gyaɗar, a ƙara gwanda da mangwaro da ganye. A dajinsu abin da suka fi so shi ne 'ya'yan kwakwar manja, jajayen nan, ɗanye.

Nasiru Mai Albasa: Inna, wannan a zube yake a Ikom, ko kuɗi ba za su karɓa ba. Ranar Laraba muke lodi in sha Allahu, in na juyo zan biyo ta Birnin Kebbi in kawo maki.

Hajiya Kulu: Allah shi yi maka albarka ɗana. Ko ya tuna da ita bayan shekara 19?

Nasiru Mai Albasa: Sai mun miƙa masa mu gani, Inna.

Bashar: Ka sa ni a motar, taubashi. Amma takalmina zan taho da shi.